Dariyar da na yi wa Inna

Duk wanda ya zauna kampus ya san yadda Asabar take in burs ta faɗo. Tun da safe ɗakuna sun yi wayam, kowa ya goge takalminsa ya nufi Gadar Kennedy kamar ana rabon wani abu a ƙetare. Ni da abokin ɗakina, wani ɗan Damagaram, tsarinmu ba ya canzawa. Da hantsi mu tsallaka daga Harobanda zuwa wajen masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa, kusa da Babbar Kasuwa. Da dare kuma, in akwai wasan barkwanci a gari, mu je mu yi dariya mu manta da shinkafar resto.

Wannan Asabar ɗin jikka huɗu na ware. Dattijon da muke saye wurinsa ya jera na shirin bak da na lissafi a gaba, don su ne ke tafiya. Na ce, "Baba, babu na Hausa?" Ya ce, "Ɗana, wa ke tambayarsu? Tona ƙasan kwalin can." Na tona. Na ci karo da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, gara ta cinye ƙarshensa, sai kuma Ƙaramin Ƙamus na Hausa zuwa Faransanci na Abdou Mijinguini, wanda ya fito a 1987, bangonsa ya ɓalle. Baba ya ce jikka uku, na yi ta magiya har muka tsaya a biyu. Jikka guda ta tike ce, saura kuɗin faba-faba.

Mai barkwancin da muka kalla a daren nan gwani ne, ba zan rage masa ba. Shi kaɗai da makirfo, yana tsalle daga Hausa zuwa Zabarmanci zuwa Faransanci. Ya kwaikwayi mai gidan haya, ya kwaikwayi direban taksi, ya kwaikwaye mu ƴan jami'a masu manyan kalmomi da aljihu fanko. Daga nan sai ya ɗaura kallabi, ya rage tsawo, ya zama wata tsohuwar Adar da ta zo Yamai ganin ɗanta. "Mi kac ce? In tahi ina? Nan anka ce in tsaya!" Babu wani labari a ciki. Bakinta kawai ake wa dariya. Ni kuwa na yi ta har da hawaye, sai abokina ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai, wallahi Innarka ce sak!"

Nan dariyar ta maƙale mini a wuya, don gaskiya ya faɗa.

Ni ɗan wani ƙauye ne kusa da Tawa. Tun shekarata ta farko a Yamai na fara wanke bakina. Na zubar da "munka" da "sunka", na mayar da "hwaɗi" ya zama "faɗi", "muna" ya zama "mana". In Inna ta kira, fita nake yi bayan ɗaki kafin in ɗauka. Abin kunyar shi ne, ilimin harshe nake karanta. A amfi zan iya tashi in yi bayani da Faransanci cewa "munka" da "sunka" tsari ne mai ƙa'idarsa, wanda ake ji daga Sakkwato har Dogon Dutsi da Tawa, kuma daidaitacciyar Hausa a kan karin Kano aka gina ta don an zaɓe shi wajen rubutu, ba don sauran sun lalace ba. Na san wannan, na ma ci maki da shi. Amma da aka sa makirfo, ni ne na fi kowa ƙyaƙyatawa.

A hanyar komawa abokina ya ce na cika ɗaukar abu da zafi. Ai wasan taubasai ne, in ji shi, al'adar da har UNESCO ta sa cikin gadon duniya da sunan Nijar a 2014. Na ce masa na yarda da taubasantaka, da ita muka tashi. Amma taubashi in ya tsokane ka, tsayawa yake ka rama. Tsohuwar nan wa ya rama mata? Ba ta cikin zauren. Ɗanta ne ke ciki, kuma ɗan nata ya ɓoye.

Shi ya sa ban ga laifin mai wasan ba. Kunnensa ma ya fi na da yawa daga cikinmu: yadda ya ninka baƙi a "yaz zo" da "tac ce" bai kuskure ko sau ɗaya ba. Ya saurari tsofaffinmu da kyau. Ni ne na daina sauraro.

Da muka iso ɗaki na buɗe ƙamus ɗin don in huce. A shafin farko, wanda ya riga ni mallakarsa ya rubuta da jan bik: "Ran da munka gama horo anka ba mu shi." Ban san ko wane ne ba, wataƙila malamin makaranta ne. Bai gyara bakinsa ba, ko a cikin ƙamus. Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a takarda, muna ta murna a kampus. Amma Hausar wa za mu rubuta, in mu da muka karanta muna jin kunyar ta iyayenmu?

Ran Lahadi da safe na kira Inna ina zaune bisa gadona, abokina na ji. Ta tambaye ni ina munka tahi jiya, na hwaɗa mata duka, har da kallabin. Ta yi dariya ta ce in gaya wa yaron nan ya zo Adar a koya mishi sauran.

An ce zai sake wasa ƙarshen wata. Layin gaba zan zauna, inda yake tsokanar mutane. In ya tambaye ni daga ina nike, da bakin Inna zan ba shi amsa.