Littafi a Hannunmu, Sa Hannu a Wurinsu

A tsakiyar shekarun 1980 na fito daga Kwalejin Fasaha ta Ramat da difiloma a fannin akanta, aka ba ni tebur a sashen kuɗi na wani ofishi a Maiduguri. Mu uku ne mata a ɗakin, kuma mu ke shirya baucar albashi. Biyan tebur ake yi a lokacin. A ɗauko kuɗi daga banki da rakiyar ɗan sanda, a zuba wa kowa nasa a ambulan, mai iya rubutu ya sa hannu, wanda bai iya ba ya dangwala yatsa. In kwabo ya yi ɓatan dabo, ba mai tafiya gida sai an gano inda ya maƙale, ko da za a kai isha'i.

Ba wanda ya yi mamakin ganin mace da lissafi. Garin da uwar adashi ke riƙe da zubin mata talatin a ka, ba biro ba takarda, garin da masu humra da turaren wuta ke bin bashin Kasuwar Monday har gidan biki, ai ba a koya masa cewa mace ta san kuɗi. Abin da ba a saba ji ba shi ne mace ta ce a'a. Wata rana aka kawo mini jerin leburori, na ga sunayen da ban taɓa ganin masu su a layin biya ba. Na ɗauki takardar na shiga wurin shugabanmu, na ce, "Ranka ya daɗe, waɗannan a ina suke aiki?" Ya yi murmushi ya ce, "Hajja, ke dai ki haɗa lissafi, sa hannu namu ne." Ba a rufa wata ba aka mayar da ni sito, ina ƙirga tsintsiya da takardun rubutu.

Labarin manyan mata na wannan sana'a daga Legas yake zuwa mana, a jarida. An kafa ƙungiyar akantoci ta ICAN a 1965, amma sai 1994 mace ta shugabance ta, Olutoyin Olakunri, wadda ta ƙware tun 1963. Mu kuwa jarrabawar ICAN ta yi mana nisa: ga goyo, ga girki, ga miji da sai an lallaɓa kafin ya yarda a yi doguwar tafiya. Da wata ƙungiyar akantoci, ANAN, ta samu amincewar doka a 1993, da kwalejinta a Jos, sai ƙofa ta buɗe wa ma'aikatan gwamnati na Arewa irinmu. An daɗe ana cacar baki tsakanin ƙungiyoyin biyu kan wace ce ta gaske. Ni dai ban taɓa ganin baucar da ta tambayi takardar wanda ya duba ta ba. A 2011 Hajiya Maryam Ladi Ibrahim ta zama mace ta farko da ta shugabanci ANAN.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce Zainab Shamsuna Ahmed, wadda ta karanta akanta a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta riƙe hukumar NEITI mai bin diddigin kuɗin mai da ma'adinai, sannan ta zama ministar kuɗi daga 2018 zuwa 2023. A zamaninta aka ɗaga harajin VAT daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin ɗari, aka kuma ci bashi mai yawa. Ban ji daɗin ko ɗaya ba, kuma 'yan kasuwarmu sun yi ta Allah wadai. Sai dai na lura da wani abu a majalisun masu shayi: a kan haraji da bashi ake sukarta, kamar yadda ake sukar kowane minista. Ba ta haɗa wa wani lissafi ba, ita ta sa hannu. Tana dab da sauka aka naɗa Oluwatoyin Madein Babbar Akanta ta Tarayya, mace ta farko a kujerar.

A nan gida, masifa ce ta kawo canjin, abin takaici. Rikicin da ya ɓarke a 2009 ya cika sansanonin Bakassi da Dalori da zawarawa da marayu, ƙungiyoyin agaji suka cika gari, suna neman masu iya riƙe asusu. 'Yan matan da suka fito daga Jami'ar Maiduguri suka samu aiki, wasu har da ikon tsayar da biya. 'Yar ƙanwata na cikinsu. Kwamfuta na adana sunan duk wanda ya taɓa fayil, lambar BVN kuma ta sa ma'aikacin bogi ya yi wuyar ɓoyewa, don haka idan yarinyar ta ƙi amincewa da biya, ba mai yage shafin.

Na tambaye ta ko yanzu an daina mayar da mutum sito. Ta yi dariya ta ce, "Mama, an daina. Amma fa rabon kasafin, bayan magariba ake yanke shi a falon wani, mu kuma muna gida. Da safe a kawo mana a ce mu shigar."