Mu ne mutanen ƙauyen nan na cikin fim

'Yar'uwa, in ɗanki yana riƙe waya ko yana leƙa gidan kallo, to ya san Rambo. Yaranmu na Sabon Birni da Isa sun haddace kashi na biyu, wanda ya fito a 1985: ekta shi kaɗai a dajin Biyetnam, ya shafe jiki da laka, yana kashe sojoji ɗai-ɗai. A idonsu mai shiga daji da makami shi ne namiji, kuma ekta ba ya mutuwa.

Akwai wani tsohon fim da na fi so ki sani, Platoon, na 1986. Oliver Stone da ya shirya shi, da kansa ya yi yaƙin Biyetnam. A tsakiyar fim ɗin sojojin Amurka sun shiga wani ƙauye, suna zargin mutanen da ciyar da mayaƙan sunƙuru. Mai gari yana cewa tilasta musu ake yi, matarsa tana ta faɗa, sai wani saje ya harbe ta. Aka banka wa bukkoki wuta.

Mu kam wannan ba sai an fassara mana ba. A watan Mayun 2020 an kashe fiye da mutum 70 a Garki, Ɗan Aduwa, Kuzari, Katuma da Masawa. A Disambar 2021 aka ƙone matafiya cikin mota kusa da Gidan Bawa. Ga harajin da 'yan bindiga ke ɗora wa gari kafin a yi noma: ku biya, a ce bakinku ɗaya da su, ku ƙi, gonar ta gagare ku. Tsaka mai wuyar da mai garin nan ya shiga ke nan.

Ban ce ki hana kallo ba, don in kin hana a gida zai gani a wayar aboki. Platoon dai ba na ƙananan yara ba ne. Amma ki lura da wasan bindigar kara da suke yi a ƙofar gida, ki ji sunan wanda kowa ke rige-rigen zama. In kin ji Turji, ki kira yaron ku zauna.

Nawa mai shekara 14, da muka zo wurin ƙone ƙauyen, na tsayar da fim na tambaye shi inda 'yar matar nan za ta kwana. Ya daɗe bai tanka ba, sannan ya ce, “Umma, su ma suna da Gidan Rumjin da za su gudu?”