Zazzaɓi Ɗan Aike Ne

A sashen gaggawa na yara, uwa da likita sukan tsaya kan yaro ɗaya, amma kowa da abin da ya dame shi. Hankalin uwa yana kan zafin da tafin hannunta ya ji, likita kuwa yana neman abin da ya aiko zafin. Zazzaɓi, wato zafin jiki da ya kai digiri 38, saƙo ne cewa jiki yana yaƙi da wata cuta.

Shi ya sa tsarin tantancewa na Hukumar Lafiya ta Duniya yake fara duba numfashi, da gudanar jini, da ko yaro yana cikin hayyacinsa. Yaron da ya kai 39 amma yana shan nono yana kallon mutane bai kai haɗarin wanda yake 38 ya yi laushi, ya ƙi sha, yana amayar da komai ba. Jaririn da bai cika wata uku ba kuwa, kowane zazzaɓi nasa na gaggawa ne.

A ƙasar Hausa zato na farko zazzaɓin cizon sauro ne, amma tun 2010 hukumar ta ce a gwada jini kafin a ba da magani, domin ciwon huhu da sanƙarau ma da zazzaɓi suke sallama. Idan na cizon sauron ne kuma ya yi tsanani, allurar atesunet ake yi, a auna sukari, a duba ƙarancin jini.

Farasitamol aikinsa sauƙaƙa wa yaro wahala. Da nauyi ake auna shi, miligiram 15 ga kowane kilo, duk bayan awa shida. Asfirin ba na yara ba ne. Idan jijjiga ta zo, a kwantar da yaro ta gefe, kada a cusa masa cokali ko a ɗura masa wani abu, a garzaya asibiti. Wadda ta wuce minti biyar sai da magani ake tsayar da ita.

Babban tarkon shi ne saukar zafin. Jiki ya yi sanyi da dare, gida ya kwantar da hankali, a koma kemis da safe, cutar kuwa tana nan tana cin jini. Yaro da yawa sai a kwana na uku yake isa asibiti, tafin hannunsa fari fat, ana neman wanda zai ba da jini.