Bikin Shokola a Tsohon Birnin Peruja

An san Galmi da albasa, an san Bilma da gishiri da dabino. A ƙasar Italiya kuwa, can Turai, akwai wani birni da aka sani da shokola. Sunansa Peruja. Shokola ita ce alewar nan mai launin ƙasa da ake gani a kantuna, wadda mutanen Najeriya ke ce wa cakulan. Kowace shekara ana yi mata biki na wajen kwana goma a wannan birni. Sunan bikin Eurochocolate. Wani ɗan garin mai suna Eugenio Guarducci ne ya ƙirƙiro shi a 1994. Shekaru da yawa a watan Oktoba ake yin sa. A 2020 annobar korona ta hana, a 2024 kuma an yi shi cikin watan Nuwamba.

Peruja tana arewa da Roma, babban birnin ƙasar, da tazarar kilomita wajen 170. Mutanenta sun kai 160.000. Amma a kwanakin bikin baƙi suna ninka ƴan gari sau da yawa. Masu shirya shi sun ce a wasu shekaru baƙin sun kusa miliyan ɗaya.

Birni ne bisa tudu mai tsawo. Baƙon da ya zo da mota yakan bar ta a gindin tudun, don hanyoyin tsohon gari matsattsu ne. Daga nan sai ya hau matakala mai tafiya da lantarki. Mutum yana tsaye, ita ke hawa da shi. An sa ta a 1983. Abin mamaki shi ne inda take bi. Tana ratsa wata unguwa da ke ƙarƙashin ƙasa, mai lunguna da ƙofofin gidaje, babu rana, sai fitilu.

Wannan unguwa tana da labari, kuma labarin gishiri ne. A 1540 birnin yana ƙarƙashin mulkin Paparoma Bulus na 3. Paparoma ya ɗora sabon haraji a kan gishiri. Mutanen Peruja suka ƙi biya. Aka turo musu soja, aka ci su da yaƙi. Don kada su sake ɗaga kai, sai aka gina wani ƙaton sansani a kan gidajen manyan garin, aka rufe unguwar baki ɗaya. Sai a 1860 ƴan gari suka samu damar rushe sansanin. Har yanzu burodin wannan yanki ba a sa masa gishiri. Mutanen garin suna cewa fushin harajin nan ne ya jawo.

Da mutum ya fito daga ƙarƙashin ƙasa, ƙanshi ne zai fara tarbarsa. Gabansa babban titin garin ne, Corso Vannucci, wanda aka shimfiɗe da dutse. Dama da hagu rumfuna ne jere, kamar ranar kasuwa. Sai dai kaya iri ɗaya ne a kowace rumfa. Akwai baƙar shokola mai ɗan ɗaci. Akwai mai madara. Akwai fara. Akwai wadda aka sa wa barkono, akwai mai ɓawon lemu. Wasu suna sayar da ita da zafi cikin kofi, mai kauri kamar kunu. Wasu sun yi ta da siffar guduma, ko makulli, ko ƙusa, an barbaɗe da gari har mutum ya ɗauka tsohon ƙarfe ne mai tsatsa.

Ba a biyan kuɗin shiga titi, amma ɗanɗano kaɗan ne ake ba da shi kyauta. Sauran sai an sa hannu aljihu. Ran Asabar da Lahadi tafiya kanta aiki ce, kafaɗa da kafaɗa. Ba duk ƴan gari ke murna da bikin ba. Wasu suna kukan cunkoso da shara, suna cewa kasuwa ce kawai aka sa wa sunan biki. Akwai gaskiya cikin maganarsu. Amma masu masauki da masu gidajen abinci ba su kuka.

Sanyin lokacin yana taimaka wa ƴan kasuwa. Shokola tana narkewa tun zafi bai kai na jikin mutum ba, shi ya sa take narkewa a baki. Da a Tawa aka baza waɗannan rumfuna cikin watan Afrilu, da kafin azahar kowa ya kwashi kayansa da ludayi.

Abin da ya fi yi wa bikin suna shi ne sassaƙa. Akan ajiye ƙaton curin shokola bisa dandamali, tsawonsa mita ɗaya, faɗinsa mita ɗaya, nauyinsa ya ɗara tan ɗaya. Gwanaye su hau da guduma da kurfi, su yini suna sassaƙa shi kamar mai sassaƙa turmi. Ɓarɓashin da ya zubo a zuba cikin ƴan jakunkuna a miƙa wa ƴan kallo. Nan ne ake ganin manya da yara suna miƙa hannu, ba mai jin kunyar wani.

Ba banza Peruja ta samu wannan suna ba. A 1907 wata mace mai suna Luisa Spagnoli, da mijinta da wasu abokan ciniki, suka buɗe ƙaramar ma'aikatar alewa, Perugina. A 1922 ta lura ana asarar ɓarɓashin wani ɗan itace mai kama da gujiya, wanda Faransawa ke kira nuwazet. Ta haɗa ɓarɓashin da shokola, ta ɗora ƙwaya guda a kai, ta lulluɓe. Aka sa wa alewar suna Baci. Cikin kowace ɗaya akwai ƴar takarda mai kalaman soyayya. Abin da ya fara daga tsintar ɓarɓashi, yau ana sayar da shi a ƙasashe da yawa. Tun 1988 ma'aikatar ta koma hannun kamfanin Nestlé na ƙasar Suwis. A 2003 an yi ƙatuwar Baci guda ɗaya a wurin bikin, nauyinta ya kusa tan 6.

A ƙarshen titin akwai babban fili, a tsakiyarsa kuma wani tsohon wurin ruwa na dutse da aka gama a 1278. An jawo masa ruwa daga wani tudu da ke wajen gari. Manomi zai so ya tsaya nan. A jikin dutsen an sassaƙa watanni goma sha biyu, kowane wata da aikinsa. A Janairu mutum yana jin ɗumin wuta. A Yuni ana yankan alkama da lauje. A Yuli ana sussuka. A Nuwamba ga shanun huɗa, ga mai shuka, don su a farkon sanyi suke shuka alkama. Duk abincin mutanen wancan zamani yana jikin dutsen nan. Shokola ba ta ciki, don a lokacin babu Baturen da ya taɓa jin sunanta.

Ga abin da baƙi da yawa ba su tunawa suna cikin lasar yatsa. Babu gonar shokola ko ɗaya a Italiya. Ana yin ta ne da ƙwayar wani itace, kakawo, wanda a Gana da Najeriya ake ce wa koko (ba kokon gero da ake sha da ƙosai ba). Itacen ɗan'uwan goro ne, danginsu ɗaya. Kamar goro, yana son zafi da laima da ruwan sama mai yawa. Asalinsa dazuzzukan Amurka ta Kudu ne. Mutanen ƙasar Meksiko na da suna shan sa da ɗaci, babu sukari. Ƴan Sipaniya suka kai shi Turai a ƙarni na 16. A 1879 wani maƙeri, Tetteh Quarshie, ya kawo irinsa Gana daga tsibirin Fernando Po. Wajen rabin kakawon duniya daga ƙasashe biyu yake fitowa, Kodibuwar da Gana. Ƴan Nijar da suka yi ci-rani a Kumasi ko Abijan sun ga buhunansa bisa manyan motoci, an nufi bakin teku da su.

Aikinsa na hannu ne, kuma na ƙananan manoma ne masu eka kaɗan. Itacen yakan yi shekara uku zuwa biyar kafin ya fara ɗiya. Ɗiyan a jikin kututture suke fitowa, kowane ya kai girman ƙaramar gwanda. A sare shi, a fasa da adda. A ciki akwai ƙwaya talatin zuwa arba'in cikin farin yauƙi. A tara ƙwayar, a rufe da ganyen ayaba kwana biyar ko shida har ta yi tsami, kusan yadda ake yi wa kalwa in za a yi daddawa. Sannan a shanya a rana wajen mako guda, ana juyawa. In aka yi sakaci a waɗannan kwanaki, babu injin Turai da zai gyara ɗanɗanon.

Daga nan aikin ya bar hannun manomi. A ma'aikata ake soya ƙwayar, a sheƙe ɓawon, a niƙa. A matse ta, mai ya fita gefe ɗaya, tunkuza gefe ɗaya. Duk macen da ta taɓa yin man gujiya da ƙuli-ƙuli ta san wannan aiki. Wani mutumin Holan, Van Houten, shi ya fito da injin matsar a 1828. A 1875 wani ɗan Suwis, Daniel Peter, ya gano yadda za a haɗa ta da madarar shanu. Tun daga nan makiyayan Turai suka shiga cikin cinikin.

To, nawa ne rabon manomi? A Kodibuwar gwamnati ke yanke kuɗin kilo. A watan Oktoba na 2023 kilo ɗaya jikka guda ne. A 2024 ruwa ya ɓaci, cuta ta kama itatuwa, da yawansu kuma sun tsufa. Kakawo ya yi ƙaranci, kuɗinsa a kasuwar duniya ya haura dalar Amurka 10.000 kowane tan, abin da ba a taɓa gani ba, kafin daga baya ya sauko. A Oktoban 2024 aka kai kilon manomi jikka ɗaya da dala ɗari da sittin, wato sefa 1.800. A kantunan Turai kuwa, sau da yawa wannan kuɗin ɗan sandan shokola guda mai giram 100 kawai zai saya. Masu bincike sun daɗe suna nuna cewa rabon manomi cikin kuɗin sanda ɗaya bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Sauran na masu jirgi ne, da masu niƙa, da masu suna a jikin takarda, da masu kanti. Manoman kakawo da yawa sun tsufa ba su taɓa sayen shokola ba.

Ƙasashen biyu ba su zauna ba. A 2019 suka haɗa baki, suka ce sai masu saye sun ƙara dalar Amurka 400 a kan kowane tan, don manomi. Ana niƙa wani kashi na kakawon a gida, a Abijan da San Pedro da Tema. Gana tana da shokolarta, Golden Tree, ta kuma mai da ranar 14 ga Fabrairu ranar shokola ta ƙasa. A bikin Peruja ma akan ware wuri don nuna ƙasashen da ke noman kakawo. Amma taron ya fi yawa wajen rumfunan saye.

Wanda zaƙi ya gundure shi yana iya barin filin ya shiga wani lungu da ke kusa. Can akwai rijiyar da mutanen da na garin, Eturuskawa, suka haƙa fiye da shekara 2.200 da suka wuce. Zurfinta mita 37 ne, wajen gaba ashirin da ɗoriya. An rufe bakinta da manyan duwatsu da aka jera ba tare da siminti ba. Ana sauka da matakala har wata ƴar gada da aka gitta cikinta. Daga nan ba a jin hayaniyar titi, sai ɗigar ruwa daga bango. Har yanzu akwai ruwa a ƙasanta.