Tattali Daban, Rowa Daban

A cikin akwatin da nake adana takardun gida akwai wani ɗan littafi mai shuɗin bango, irin na 'yan firamare. An ja wa kowane shafi layi gida huɗu: rana, lita, kilomita, kuɗi. Daga shafi na tara gidajen sun zama biyar, kuma a gefen shafin akwai shatin babban yatsa da baƙin mai, ya dushe amma bai goge ba. Littafin man motata ne, jar Mazda RX-8 ƙirar 2004. Yatsan kuwa na tsohon makaniken da ya koya mini riƙonta ne, Allah Ya jiƙansa da rahama.

'Yar Kwatano ce. Na saye ta a watan Nuwamba na 2011, ina aiki a Kaduna, ina da mata da ɗa ɗaya. Abin da ya fara jan hankalina ƙofofinta ne, don na baya ta baya suke buɗewa, babu ginshiƙi tsakaninsu da na gaba. Abin da ya kama zuciyata kuwa kukanta ne. Ba ta gurnani irin na sauran motoci. Tana farawa kamar taron ƙudan zuma, in ka taka totur sai sautin ya yi ta sirancewa yana hawa, har allurar juyin inji ta kai dubu tara, sitiyari bai ko girgiza a hannunka ba. Takardunta sun ce injin lita 1.3 ne, bai kai na ƙaramar motar da maiɗakina ke zuwa aiki da ita ba. Na ɗauka cikinta ma ƙarami ne.

Rubuta lissafin mai gado na yi. Mahaifina direban babbar mota ne, ya yi shekaru yana jigila tsakanin Kano da Legas, kuma bai taɓa barin gidan mai ba tare da ya zaro biro ba. Ba a yi wata guda ba littafin ya gaya mini abin da ban so ji ba. Tankin yana cin kimanin lita 60, amma a cikin gari da ƙyar yake kai ni kilomita 300. A lokacin lita naira 65 ce, cika tanki naira 3,900, sai na daure. Ranar 1 ga Janairun 2012 gwamnati ta janye tallafin mai, lita ta koma naira 141. Tankin nan ya zama na naira 8,460 a dare ɗaya. Aka shiga yajin aiki, gidajen mai suka rufe, 'yan bumburutu suka jera jarkoki a bakin titi. Ko da aka sasanta a kan naira 97, na riga na san cewa ko dai in gyara zamana da motar nan, ko in rabu da ita.

Shawara kam na sha ta a majalisa. Wani ya ce in cire injin in sa mai fistin. Wani ya ce akwai ƙwayar da ake jefawa a tanki. Wani ya ce in ɗaure maganaɗisu a bututun mai. Ban bi ko ɗaya ba, na bi tawa dabarar: na daina taka ta. Ina tashi sai in yi maza in sauya giya, ba na barin allura ta wuce dubu uku, ina lallaɓa ta kamar mai ɗauke da ƙwai. Mako shida na yi a haka. Lissafi bai motsa ba, motar kuma ta yi nauyi, ta fara shaƙewa. Wata safiya a ƙarshen hunturu na tashe ta, na matsar da ita daga rumfa zuwa ƙofar gida don a wanke, na kashe. Da aka gama wanki na murza makulli, ta ƙi tashi. Na yi ta murzawa har batir ya mutu, warin fetur ya cika unguwa.

Janta aka yi zuwa wani gareji da ke kusa da Panteka. Mai garejin dattijo ne mai farin gemu, kowa Baba yake ce masa. Ya buɗe gaban motar, ya daɗe yana kallo, hannayensa a baya. Can ya ce, "Ɗana, shekara arba'in ina kwance inji, ban taɓa buɗe irin wannan ba. Ba zan ɗora masa sifana ba sai na san halinsa. Ka nemo mana littafinsa."

Wannan magana ita ta sa na amince da shi. Na samo littafin gyaran a intanet, na buga shi, ya yi tsiri guda. Kullum bayan la'asar sai in je garejin, mu zauna a kan benci, ina karantawa ina mayar masa da Hausa, shi kuma yana zana abin da ya ji a ƙasa da tsinke. Sau da yawa ni mai karatun ban gane ba, sai ya duba zanensa ya fahimtar da ni.

Injin ba shi da fistin, ba shi da bawul. A cikinsa akwai ɗaki biyu, kowanne da fasali irin na kwanson gyaɗa mai 'ya'ya biyu. A kowane ɗaki wani ƙarfe mai kusurwa uku, da ake kira rota, yana zagayawa, kusurwoyinsa suna shafar bango. Kowane gefe nasa yana zuƙar iska da mai, ya matse, ya kama da wuta, ya fitar da hayaƙi, duk a zagaye ɗaya, kuma kafin rota ya zagayo sau ɗaya sandar tsakiya ta juya sau uku. Shi ya sa ɗan ƙaramin inji ke ba da ƙarfin babba. Amma wurin da wutar ke ci dogo ne siriri, a shimfiɗe. Da na karanta wannan sai Baba ya nuna mai shayin da ke tsallaken hanya ya ce, "Zuba shayi a kofi, zuba a faranti, wanne ke rigan hucewa?" Zafin da ya kamata ya tura mota bango ne ke shanye wani kasonsa, kuma wutar ba ta kai wa can ƙuryar baya, sai wani man ya fita bai ƙone ba. Don haka ne aka ba kowane rota fulogi biyu, na gaba da na baya, ko wutar ta game.

"Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa," in ji Baba. "Amma zubar rariya daban, zubar ɓarakakkiyar rariya daban. Ta farko halitta ce, sai haƙuri. Ta biyun ita za mu nema mu toshe."

Ɓaraka kuwa mun same ta da yawa. Fulogin huɗu sun yi baƙi ƙirin, biyu ma ba irin nasa ba ne, ga shi na gaba da na baya ba a musanya su. Kwayil huɗu ne, ɗaya ga kowane fulogi, biyu daga ciki tartsatsinsu ya raunana. Man da bai ƙone ba yana gangarawa salansa yana dafa matatar hayaƙin nan da makanikai ke kira indomi, har ta fara toshewa. Matatar iska ta cika da ƙurar hunturu. Birkin baya na hagu yana ɗan kamawa. Tayoyi duk iskarsu ta gaza. Babban abin da ya ɓata wa Baba rai shi ne da ya tarar wani ya cire tamostat, kamar yadda aka saba yi wa motocin da suka shigo ƙasar zafi. In babu shi inji ba ya saurin kai zafin da ya dace, kwamfutar mota kuma muddin tana ganin inji da sanyi, ƙara masa mai take yi. Wani ɗan'uwana da ke karatu a Ingila ya aiko mana da fulogi da kwayil da tamostat. Ranar da aka ɗaura su Baba ya kasa kunne ya saurari injin, ya ce, "Ka ji ko? Ba a mugun sarki sai mugun bafade."

Ƙin tashin da ta yi ma mun gano dalilinsa. In aka tashi injin da sanyi aka kashe nan take, man da aka watsa masa yana kwanciya a ɗakin, ya jiƙa fulogi, ya wanke maiƙon bango. Maganinsa a taka totur har ƙasa yayin murza makulli, sai kwamfuta ta yanke mai, injin ya share kansa. Rigakafinsa kuwa kada a kashe shi sai ya yi zafi.

Saura baƙin mai. Na lura yana raguwa ba tare da ɗiga ba, littafin ya ce da gangan ne. Akwai ɗan famfo da ke tsiyaya shi cikin ɗakin wuta don ya shafe siraran ƙarafan da ke bakin kowace kusurwa, waɗanda ke aikin da ringi ke yi a jikin fistin. Na ce, "Baba, ba za a iya rage shi ba? Kuɗin yana taruwa." Ya karɓi littafin lissafina, ya buɗe, ya danna babban yatsansa a gefen shafin, ya ce, "Ja layi na biyar a nan. Duk cika tanki biyu ka zaro sanda ka duba, ka rubuta. Ƙarafan nan su ne ran injin. Ka hana su mai yau, gobe ka sayi inji. Tattali daban, rowa daban, ɗana. Mai tattali yana hana ɓarna. Marowaci hakki yake hanawa."

A nan ne ya warware mini kuskuren lallaɓawar da na yi. Injin da ke ƙona baƙin mai, in kullum a hankali ake tafiya da shi, gawayi na taruwa a cikinsa, ya daskarar da ƙarafan kusurwa, matsi ya ragu, shan mai ya ƙaru. Baba a gidan masu doki ya tashi. Ya ce dokin da aka bari a turke ana tausayinsa, ƙafa ce ke kumbura masa. "Doki ka saya, ba jaki ba. Ka riƙa kai shi kilisa."

Haka na tsara rayuwata da ita. Masallaci da kanti da gidan maƙwabta, da ƙafa. Saƙonnin gari in tara su in yi su a fita ɗaya, don tashi da sanyi shi ne mafi tsada. Ba na tsayawa ina ɗumama ta a rumfa, sai in tashi in tafi a hankali har allurar zafi ta daidaita. In layin mai ko cunkoso ya yi tsawo, injin kuma da zafinsa, in kashe. A hanyar Zariya in sa giya ta shida in tsaya tsakanin 90 da 100, domin da juyin inji ya doshi dubu huɗu wasu ƙofofin iska ke buɗewa, mai ya ƙaru. Ranar Asabar da sassafe kuma, in hanya ta yi fili, in sa giya ta biyu in bar allura ta hau har kusa da jan layi sau biyu ko uku, ba tare da na wuce gudun da hankali zai ɗauka ba. Kafin damina ta sauka, lita ɗaya ta tashi daga kilomita biyar ta doshi bakwai a gari, a doguwar hanya kuma tara da ɗoriya. Ba ta zama motar maiɗakina ba, ba kuma za ta taɓa zama ba. Amma abin da take sha yanzu hakkinta ne.

A zaman bencin nan na karanta wa Baba tarihin injin, ya saurara kamar ana ba shi labarin dangi. Wani Bajamushe, Felix Wankel, shi ya ƙirƙiro shi, aka fara tashinsa a kamfanin NSU a 1957. Mazda da ke Hiroshima ta sayi izinin ƙera shi a 1961, ta ɗora injiniya Kenichi Yamamoto a kan ayarin mutum 47, suka yi ta fama da ƙarafan kusurwar nan da ke karce bango, har suka fitar da Cosmo Sport a 1967. Sai ga tashin farashin mai na 1973. Tsadar da ta cika baitulmalin Najeriya, har aka yi rabon Udoji, ita ce ta kusa durƙusar da su, don masu saye sun guji inji mai ƙishirwa. Ba su jefar da shi ba. Suka sa wa kansu burin rage shan mansa da kashi 40 cikin ɗari, suka cim ma burin, suka fito da RX-7 a 1978. A 1991 motarsu mai rota huɗu ta lashe tseren awa 24 na Le Mans a Faransa. Baba ya jinjina kai ya ce, "Ashe aikin da muke yi a nan, su ma shi suka yi." A watan Yunin 2012, muna tsakiyar koyon halinta, aka daina ƙera RX-8.

Na rabu da ita a 2016, bayan lita ta koma naira 145, yara kuma sun zama uku. Wani saurayi daga Zariya ya saye ta. Kafin in miƙa masa makulli na zaunar da shi, na rubuta masa ƙa'idojin Baba a takarda, na sa ya maimaita mini su. Littafin ne kawai na hana shi.

Baba bai kai 2023 ba, shekarar da Mazda ta dawo da injin a cikin MX-30, rota ɗaya tak, ba ya juya taya, aikinsa ya ba batir wuta yana juyi daidai inda ya fi tattali. Da na ji labarin, shi na fara tunawa, don na san da zai nemi tsinke ya zana a ƙasa.

A bana babban ɗana ya fara koyon tuƙi. Ranar da muka fara shiga gidan mai tare, na miƙa masa sabon littafi da biro. Ya ja layi huɗu. Na buɗe masa tsohon, shafi na tara, na nuna masa yatsan, na ce ya ja na biyar.