Yaya ba ƙin ɗanta ta yi ba, ciwo ne ya kama ta

1/ Na daɗe ina son rubuta wannan zaren, kunya ke hana ni, don akwai laifina a ciki. Na nemi izinin yayata, ta ce in rubuta amma ban da suna. To bismillah. 🧵

2/ Bara Yaya ta haifi ɗanta na fari, ta dawo gidanmu a Dogarawa wankan jego. Ni ina makaranta a Samaru, duk Juma'a da yamma nake hawa keke in zo gida. An yi suna lafiya, 'yan barka suka watse.

3/ Sati uku da haihuwa na ga Yaya ta canza. Yaro na tsala kuka a gefenta, ita ta ƙura wa bango ido. Sai Umma ta ɗora mata shi a cinya sannan ta ba shi nono, ba kallo ba wasa. Kunun kanwa ya huce a kwano. Da dare yaro ya yi barci, ita idonta biyu.

4/ Kowa da fassararsa. Gwaggo ta ce iska ce, a nemo hayaƙi. Maƙwabciya ta ce shagwaɓar 'yan boko ce. Ni kuma da nake karanta yadda jikin ɗan Adam ke aiki, na ce: "Haba Yaya, mata nawa ke neman haihuwa ido rufe? Ki gode wa Allah mana."

5/ Ba ta tanka ba. Can tsakar dare na ji kukanta ƙasa-ƙasa. Ta ce: "Auta, ina kallonsa ba na jin komai. Wace irin uwa ce ni? Gara Umma ta riƙe shi." Wallahi jikina ya mutu. A makon na koma kan littattafaina. Ga abin da ya kamata a ce na sani.

6/ Lokacin goyon ciki, mabiyiya tana zuba sinadarai biyu cikin jini da yawan gaske: istirojin da furojestiron. Da ta faɗo bayan haihuwa, cikin 'yan kwanaki sai su rikito ƙasa gaba ɗaya.

7/ Daga furojestiron jiki ke samar da wani sinadari, alofiregnanolon. Aikinsa ƙara wa GABA ƙarfi. GABA kuwa shi ne birkin ƙwaƙwalwa, mai kwantar da hankali da kawo barci. Wata tara ƙwaƙwalwa ta saba da birki mai kamawa, rana tsaka ya saki.

8/ Kowace mai jego sai hakan ya faru da ita. Shi ya sa da yawansu ke kuka ba dalili kwana uku ko huɗu bayan haihuwa, kuma cikin sati biyu ya wuce. Amma wasu ƙwaƙwalwarsu ba ta daidaita da wuri, musamman in ga rashin barci, ga rashin kuɗi, ga rashin mai tayawa, ko da ma can sun taɓa ciwon damuwa. In abin ya zarce sati biyu, ana zargin ciwon damuwa na bayan haihuwa.

9/ To me ya haɗa shi da reno? Idan uwa ta ba da nono ko ta kalli ɗanta, oksitosin da dofamin suna kunna sashen jin daɗi na ƙwaƙwalwa. Shi ke jan ta ta ɗauke shi, ta yi masa wasa. Hoton ƙwaƙwalwar masu wannan ciwo ya nuna sashen ba ya amsawa yadda ya kamata. "Ba na jin komai" ɗin da Yaya ta faɗa ke nan.

10/ Yaron ma yana shan wahala. Bincike ya danganta ciwon da barin shayarwa da wuri da kuma ramar yara a ƙasashe irin namu. Kuma ba ciwon Turawa ba ne fa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 13 cikin 100 na masu jego a duniya na samun matsalar ƙwaƙwalwa, galibi wannan ciwo. A ƙasashe masu tasowa ya kusa kashi 20. Ɗaya cikin biyar!

11/ Ranar rigakafin sati shida na raka Yaya. Na ja wata nas gefe na faɗa mata komai. Ta zaunar da ita ta yi mata tambayoyi 10 na ma'aunin Edinburgh, wanda ake amfani da shi tun 1987. Daga nan aka tura mu sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Shika.

12/ Umma ta so ta ƙi, wai za a ce 'yarta ta haukace. Mijin Yaya ne ya tsaya kai da fata, Allah Ya saka masa. Likita ya ba ta maganin da bai hana shayarwa ba, da ranakun zuwa tattaunawa. Umma ta karɓi renon dare don Yaya ta samu barci. Addu'a ba mu bari ba, magani ma ba mu bari ba.

13/ Ga mai ganin ƙarya ce: a 2019 Amurka ta amince da maganin farko na wannan ciwo, ƙarin ruwa na awa 60, kuma alofiregnanolon ɗin nan ne a ciki. A 2023 aka amince da ƙwayar zuranolon da ake sha kwana 14.

14/ Gaggawa: in mai jego ta ambaci cutar da kanta ko jaririn, ko tana jin muryoyi, ko ta rikice, kada a bar ta ita kaɗai, a kai ta asibiti a ranar. Irin wannan ruɗewar na samun 1 zuwa 2 cikin 1,000.

15/ Sauƙi bai zo rana ɗaya ba. Wajen wata huɗu na shigo gida na ji Yaya tana yi wa yaron waƙa, yana ɓangale baki. A zaure na tsaya na yi kukana. Daga baya na ba ta haƙuri kan maganata. Ta ce ta fi komai yi mata ciwo, don da ma kullum tana gode wa Allah.

16/ Kwana arba'in muna dafa wa mai jego ruwa, muna dama mata kunu, muna tambayar "ya jariri?" In kun je barka, ku zauna kusa da ita ku ce: "Ke fa, ya kike? Kina samun barci?" Sannan ku yi shiru ku saurara. Allah Ya ba masu jego lafiya.