Caji a Zangon Manoma: Abin da Fadamun Danwarai Suka Koya Mini Game da Hasken Rana

Duk matafiyin da ya biyo babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato, ta ratsa Tambuwal ta nufi Jega a watannin rani, ba ya buƙatar allon gefen titi ya gaya masa cewa ya shigo ƙasar Aliero, domin hancinsa zai riga idonsa shaidawa. Buhunan albasa ne jibge a bakin hanya, manyan motoci na jiran lodi zuwa kudancin ƙasar nan da ƙasashen maƙwabta. Abubuwa uku aka fi sanin Aliero da su: albasa, masu ɗorin gargajiya da ake zuwa wurinsu daga nesa, da kuma Jami'ar Kimiyya da Fasaha da Jihar Kebbi ta kafa a garin a shekarar 2006. Sai dai wannan albasa da ake gani a bakin kwalta, wahalarta a can cikin ƙauyuka ake shan ta, a wurare irin su Danwarai, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar, inda manomi kan bar ɗakinsa ya tare a bukkar kara kusa da fangalinsa har amfani ya nuna.

Kwanan daji ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. A nan kusa Gimbana take, garin Malam Abdussalami, wanda harin da aka kai masa ya zama ɗaya daga cikin musabbaban hijirar Shehu Usmanu a 1804. Ɗansa Buhari ne ya kafa Jega bayan jihadi, kuma kafin ƙarni na 19 ya ƙare ta zama babbar kasuwa a bakin Gulbin Zamfara, mahaɗar fatake masu zuwa Gwanja sayen goro. A wancan zamani madugu da jagabansa ba sa yada zango sai sun tabbatar da ruwa, da itacen wuta, da ciyawar jakuna. Manomin rani da makiyayin yau sun gaji waɗannan buƙatu uku, zamani kuma ya ƙara musu ta huɗu wadda madugu bai san ta ba, wato caji.

Wanda ke zaune a birni zai iya ɗaukar wannan magana da wasa. Amma a tsaya a dubi abin da wayar hannu take yi wa mai kwana a fadama. Da ita yake jin farashin albasa a Aliero da Jega kafin dillali ya iso masa da nasa labarin. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, ciniki da yawa ya koma na turawa ta banki, kuma manomi ba ya sakin buhu sai ya ga saƙon shigar kuɗi da idonsa. Da ita makiyayi ke kiran mai maganin dabbobi in cuta ta shiga garke, da ita ake neman ɗan acaɓa cikin dare in naƙuda ta tsananta, da ita kuma ƙauye ke sanar da ƙauye in an ga baƙuwar fuska a daji, a wannan lokaci da tsaro ya zama abin da kowa ke kwana da shi a rai. Wayar da ta mutu da magariba tana iya jawo asarar da ta fi kuɗinta sau goma.

A ranin da ya wuce na yi kwanaki a wajen Danwarai tare da wasu manoman albasa, muna kwana a bukka, muna tashi da ƙarar injin ban-ruwa. Babu turken wutar lantarki ko ɗaya a iya ganin ido, kuma babu mai sa ran waya za ta bi manomi cikin fadama. Abin da ya fara ɗaukar hankalina shi ne ƙananan farantan sola da ke ƙyalli a kan bukkoki da kan shinge, wani bai fi faɗin littafin makaranta ba, wani kamar faifan tuwo biyu. Daga jikinsu waya ta zaro ta shiga cikin bukka, ta ƙare a jikin batirin babur ko ƙaramin batirin da aka sa a kwali. A mashekarin Fulani da ke gaba kaɗan ma haka abin yake, har an gaya mini cewa ranar ƙaura farantin na cikin kayan da ake fara ɗaurewa a kan jaki, tare da ƙorai da tabarmi. Wani dattijo da na tambaya yadda suke yi a da, sai ya yi murmushi ya ce, "Ranka shi daɗe, da can yaro muka aikawa gari da wayoyi cikin leda, shi wuni shagon mai caji, aikin ranar ya tafi ke nan."

Ilmin da ke cikin wannan faranti tsoho ne. Wani Bafaranshe mai suna Edmond Becquerel ya gano tun 1839 cewa haske na iya haifar da lantarki, amma sai a 1954 masu bincike a Bell Labs ta Amurka suka ƙera ƙwayar sola ta silikon mai amfani, wadda ke juya kusan kashi 6 cikin 100 na hasken da ya sauka a kanta. A 1958 aka ɗora irinta a kan tauraron ɗan'adam Vanguard 1, saboda tsadarta a lokacin sai aikin sararin samaniya. Farantan yau suna kaiwa kashi 20 cikin 100, kuma masana'antun ƙasar Sin sun karya farashinsu har abin da a da sai kumbo ya zama kayan da ake tallarsa a kasuwar ƙauye.

Lissafin amfaninsa mai sauƙi ne. Faranti mai wat 20 na gaskiya, a ƙasa irin tamu da ke samun kwatankwacin awa biyar zuwa shida na cikakkiyar rana, a takarda zai ba da kusan wat-awa 110 a wuni. In aka cire abin da zafi da ƙura da wayoyi ke cinyewa, sai ya rage kamar 75. Batirin babbar waya ta zamani yana ɗaukar wat-awa 19 ko kusa da haka, na ƙaramar waya mai maɓallai kuwa kamar 4. Wato farantin zai cika manyan wayoyi uku, ko ƙanana fiye da goma, ko kuma ya cika biyu ya bar abin da ƙwan fitila mai wat 3 zai ci na awa huɗu da dare. Wannan ya ishi bukka guda. Ba zai ja injin ban-ruwa ba, domin shi wannan yana buƙatar ɗaruruwan wat, kuma duk wanda ya ce wa manomi ƙaramin faranti zai yi masa wannan aiki, yaudararsa yake yi.

Abin da ya fi damuna a zaman da na yi shi ne yawan wutar da ke salwanta saboda rashin sani, ba rashin rana ba. Mutane da yawa sun ɗauka cewa gwargwadon zafin rana, gwargwadon ƙarfin caji. Haske faranti ke so, zafi kuwa abokin gabarsa ne. Wat ɗin da aka rubuta a bayansa an auna shi ne yana kan zafin digiri 25, kuma duk digiri ɗaya da ya ƙaru yana rage masa kusan kashi 0.4 cikin 100. A watan Afrilu, lokacin da zafin iska a Kebbi ke haura digiri 40, farantin da aka shimfiɗa a kan kwano ko rairayi yana iya wuce digiri 60, ya yi asarar kusan kashi 15 cikin 100 na ƙarfinsa. Maganin kuwa sanduna huɗu ne: a ɗaga shi sama kaɗan iska ta riƙa ratsawa ta ƙarƙashinsa.

Sai kuma inda ake fuskantar da shi. Ƙasar Aliero tana kusan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, don haka a watannin Disamba da Janairu, tsakiyar noman albasa, rana ba ta bi ta saman kai. Da tsakar rana tana karkata kudu da kusan digiri 35. Farantin da aka kwantar a miƙe ba ya shan hasken yadda ya kamata. Ya dace a jingina shi ya dubi kudu, wato hannun daman mai fuskantar gabas. Manomi da ya san awon inuwa don gane shigar azahar ba ya buƙatar na'ura a nan. Ya tsayar da ɗan tsinke daidai a kan fuskar farantin; in inuwar tsinken ta ɓace a gindinsa, to faranti da rana sun haɗa ido. Shi ƙaramin faranti yana da wannan fifiko a kan wanda aka kafe a rufin gida, domin ana iya juya shi sau uku a wuni, da hantsi da azahar da la'asar.

Hazon hunturu shi ma yana karɓar nasa rabo, sau biyu ma: yana tare haske a sama, yana kuma shimfiɗa ƙura a kan gilashi. Tsumma mai laushi da ɗan ruwa da sassafe, kafin gilashin ya ɗauki zafi, sun wadatar. Inuwa kuwa ko ta ganye ɗaya ce ba a raina ta, domin ƙwayoyin farantin a jere suke kamar hanyar ruwa mai ratsa fangali bayan fangali. In ta toshe a wuri guda, duk na gaba sun sha ƙishirwa.

Amma babbar asarar a batir take. Batirin darma mai bolt 12, irin ƙaramin da aka fi samu, yana riƙe wat-awa 84, sai dai rabin wannan kaɗai ya kamata a riƙa sha in ana so ya daɗe. A bukkoki da yawa na ga an haɗa faranti da batir kai-tsaye, babu 'yar na'urar nan mai daidaita caji da ake kira kwantirola. Da rana batir ya cika ya yi ta tafasa, da dare a zuƙe shi ƙarƙaf, ga shi kuma an ajiye shi a rana alhali inuwa yake so. Batirin da zai yi shekaru sai ya mutu cikin watanni, mai shi ya ce sola ƙarya ce. Ga kuma farantan da ake manna musu takardar wat 50 alhali ba su kai 20 ba, mai saye kuwa ba shi da abin awo. Araha, in ji Hausawa, ba ta ado.

Mataccen batir kuma ba shara ba ne kamar sauran shara. Darma ce a cikinsa da ruwan asid. Maƙwabciyarmu Zamfara ba ta manta da 2010 ba, shekarar da gubar darma daga aikin haƙar zinariya ta kashe ɗaruruwan yara a yankunan Anka da Bukkuyum. Mafarin waccan masifa daban ne, amma gubar ita ce dai. Batirin da aka fasa aka yar a gefen fadama, inda yara ke wasa kuma ruwan ban-ruwa ke bi, tarko ne da ba a ganin kamunsa sai bayan shekaru.

Akwai abin lura a nan game da jiharmu. Babban layin wutar da ya taso daga Kainji yana sauka a Birnin Kebbi, daga can kuma wani ya wuce har Yamai. Duk da haka Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2021 cewa 'yan Najeriya kimanin miliyan 85 ba su da wutar gwamnati. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, ɗan janareton mai caji da injin ban-ruwa duk sun ƙara tsada. Manoma da makiyaya ba su jira kowa ba, sun sayi hasken rana da kuɗin aljihunsu. Abin da suka rasa shi ne mai nuna musu yadda za su ci moriyarsa.

Wannan kuwa aikinmu ne, mu malaman jami'a da ɗalibanmu. Jami'ar kimiyya da ke zaune a tsakiyar gonakin albasa tana iya tura ɗaliban injiniya da na kimiyyar lissafi kasuwannin Aliero da Jega da Maiyama ranar cin kasuwa, da 'yar na'urar awo a hannu, su gwada wa mai saye faranti kafin ya biya, su bayyana masa da Hausa da Fulatanci yadda ake jingina shi da yadda ake tattalin batir. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa tana da hurumin bin sawun kayan jabu. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu, don haka gwamnatin Kebbi na iya haɗa hannu da hukumar samar da wuta a karkara a kan injinan ban-ruwa masu aiki da sola, ta kuma tsara yadda masu sayar da batir za su riƙa karɓar tsoho su rage wa mai sayen sabo kuɗi. Ƙungiyoyin manoman albasa su ma suna iya saro kaya masu inganci a dunƙule, su raba wa 'ya'yansu.

Allah ya hore wa ƙasar Kabi rana wadda wasu ƙasashe ke mafarkin samun rabinta. In kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya, kuma mutanen fadamun Danwarai sun riga sun sauya tasu. Saura mu da muka yi karatu da dukiyar al'umma mu kai musu ɗan abin da muka sani, tun kafin wani rani ya zagayo su sake zuba kuɗin albasarsu a batirin da ba zai ga damina ba.